An ci bashi da sunana, maigida ya ce in biya in rufa asiri

Wata malamar firamare daga unguwar Pantami a Gombe ta aiko da wasiƙa, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Bara ɗan yayar maigidana, wanda ya taso a gabanmu, ya zo ya ce ana rajistar tallafin mata masu ƙananan sana'o'i. Na ba shi lambar BVN da takardar NIN, ya karɓi wayata ya yi ta danne-danne, ya ɗauki hoton fuskata yana cewa in ƙifta ido in juya kai, lambobin da suka shigo ta tes kuma shi ya kwashe su. Tallafi bai zo ba, har na manta da maganar. A watan jiya na je banki neman rancen albashi don kayan ɗakin 'yata, aka ce sunana yana cikin waɗanda suka ci bashi ba su biya ba. Ga wasu suna bugo mini waya da zagi, sun tura wa shugabar makarantarmu hotona da rubutu cewa ni macuciya ce. Sau biyu ana cire naira 23,000 daga albashina, abin da suke nema kuma ya haura naira 300,000. Yaron ya amsa a gaban kawunsa cewa shi ne. Maigida ya ce in riƙa biya a hankali, a rufa asiri saboda zumunci. Na rasa barci. Me zan yi?"

Malama, Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya musanya miki da alheri. Ba ki yi abin kunya ba. Kin yarda da yaron da ya ci abinci a gidanki, kuma a shekarun nan da rajistar tallafi ta zama ruwan dare, tun daga rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a 2015 har zuwa rancen korona na 2020, mutane da yawa waɗanda suka fi ki sanin harkar banki sun miƙa lambobinsu ga wanda ya ce zai cike musu fom. Amma ba zan ɓoye miki ra'ayina a kan shawarar maigida ba, tare da girmama shi da kyakkyawar niyyarsa: biya a ɓoye ba zai rufa asirin kowa ba, kuma zai bar ki cikin hatsarin da ya fi naira 300,000 nauyi.

Abin da yaron ya yi da wayarki a ranar, bisa ga yadda kika siffanta, shi ne buɗe asusu da neman rance da sunanki. Ƙifta ido da juya kai da ya sa ki yi, hanya ce da manhajojin kuɗi suke tabbatar da cewa mai BVN ɗin da kansa ne yake gaban waya, lambobin da suka shigo ta tes kuma su ne OTP, wato amincewarki ta ƙarshe. BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, lamba ce mai alƙaluma 11 da take haɗa duk asusun da mutum yake da shi a ƙasar nan, kuma ita kaɗai ba ta isa a kwashe kuɗin mutum ba. BVN kamar kwatancen gida ce, OTP da lambar sirri su ne makullin, shi kuwa ya tafi da duka. Tura hotonki ga shugabar makaranta ya nuna cewa a kan wayarki aka sauke manhajar rancen, aka ba ta izinin kwashe sunayen mutanen da ke ciki. Tun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa shiga jerin lambobin waya da hotunan mutane, don haka akwai yiwuwar wadda aka sa miki tana cikin waɗanda ake turawa ta bayan fage.

Bashin da kika sani shi ne wanda masu shi suka fara kira, amma babu tabbacin cewa shi kaɗai ne. Wanda ya samu BVN da NIN da fuskarki da wayarki a zama ɗaya yana iya buɗe asusu fiye da ɗaya, yana iya yi wa sabon layi rajista da NIN ɗinki, kuma akwai masu sayen irin waɗannan asusu daga hannun samari don su riƙa karɓar kuɗin damfara ta cikinsu. Hukumar EFCC da hukumar NIMC mai ba da lambar NIN sun yi ta gargaɗi a kan wannan ciniki. Ranar da wanda aka damfara a Legas ko Fatakwal ya kai ƙara, ko aka bi sawun layin da aka yi barazana da shi, sunan da zai fito a kwamfuta naki ne, hoton naki ne, kuma ƙofarki jami'an tsaro za su ƙwanƙwasa. A wannan ranar, abin da zai tsaya miki shi ne takarda mai kwanan wata da hatimi da ke nuna cewa tun tuni kin kai rahoton an yi amfani da bayananki ba da saninki ba. Idan kuwa abin da aka gani shi ne kina ta biyan bashin wata bayan wata ba ki taɓa musantawa ba, to kin ba su hujjar cewa asusun naki ne kuma kin san da shi. Ina roƙonki ki karanta wa maigida wannan sakin layi, domin na tabbata bai kalli lamarin ta nan ba.

Saboda haka aikin farko ba na kotu ba ne kuma ba na zaman dangi ba ne, na toshe ƙofofin da har yanzu suke buɗe ne. Kafin ki goge komai daga wayarki, ki ɗauki hoton kowane saƙon zagi da barazana, da lambobin da suka kira, da sunan manhajar, ki kuma nemi shugabar makaranta ta turo miki abin da aka aika mata. Sannan ki nemi ranar da ba ki da darasin safe ki tafi reshen bankin da albashinki yake shiga, ki zauna gaban ma'aikacin kula da abokan hulɗa, ba mai POS na bakin titi ba. Ki ce a toshe katin ATM ɗinki a ba ki sabo, ki canza lambar sirrin kati da ta tura kuɗi ta waya, a fitar miki da takardar shige da ficen kuɗi ta tun daga watan da yaron ya karɓi wayar. Ki sa yatsa a kan layin naira 23,000 ɗin nan ki ce a gaya miki wane ne ya cire, kuma da wane izini. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin hanyoyin cirewar sun bambanta. Idan lambobin katinki aka ɗaura a manhajar, canza kati zai tsayar da shi. Idan umarnin cire kuɗi kai-tsaye aka kafa, sai an soke shi a rubuce. Idan kuma mai bin bashin banki ne mai lasisi, yana iya amfani da tsarin GSI da Babban Banki ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ya ba da damar ƙwato bashin da ba a biya ba daga sauran asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashin, kuma a nan sauya banki ba zai tsirar da ke ba.

Kada ki tashi daga kujerar sai kin nemi a duba miki lambar wayar da ke jikin BVN ɗinki ko har yanzu taki ce, a kuma nuna miki duk wuraren da aka buɗe asusu da ita. Daga nan ki wuce ofishin kamfanin layinki da takardar NIN, ki ce a duba layukan da aka yi wa rajista da sunanki, wanda ba ki sani ba a cire shi. Ki sa wa sim ɗinki lambar sirri, domin ko wayar ta faɗi a Keke Napep, wanda ya tsinta ba zai zare sim ya sa a wata waya ya shiga asusunki ba. Ki yi wannan a gaban ma'aikacin, saboda kuskure sau uku yana kulle layin sai an nemo PUK, wato lambar buɗe sim ɗin da ya kulle. Bayan an adana hujjoji, a goge manhajar, kuma ya fi kyau a wanke wayar gaba ɗaya.

Maganar da banki ya gaya miki cewa sunanki yana cikin masu bashi ba daga kansa ya ƙago ta ba. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da suke adana tarihin bashin mutane, su ne CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry, kuma bankuna suna duba can kafin su ba da rance. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba ki haƙƙin karɓar rahotonki kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba ki haƙƙin ƙalubalantar abin da ba daidai ba a ciki. Ki nemi rahoton daga dukkan ukun, domin wani mai ba da rance a wuri ɗaya kawai yake kai bayanansa. A ciki za ki ga sunan kowane mai bin ki, da ranar da aka karɓi rancen, da adadinsa. Sai wannan takarda ta zo hannunki za ki san girman abin da ake magana a kai, kuma har zuwa lokacin kada ki yi wa kowa alkawarin biyan ko sisi a waya.

Da rahoton a hannu, ki je ofishin 'yan sanda na yankinku ki ba da bayani a rubuta, ki karɓi takardar shaida, sannan ki yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba ke kika nemi waɗannan rance ba kuma kuɗin bai shiga hannunki ba. Ki rubuta wa kowane mai bin bashin wasiƙa gajera, ki haɗa da kwafin waɗannan takardu, ki buƙaci su nuna asusun da suka zuba kuɗin da kuma inda ya wuce daga can. Zan gaya miki gaskiya: za su ce fuskarki ce, OTP ɗinki ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da zai raba gardama shi ne sawun kuɗin, domin kuɗin banki ba ya tafiya ba tare da barin suna ba, kuma idan ya sauka a asusun yaron ko na abokinsa, hujjarki ta tsaya. Duk takardar da kika miƙa, ki riƙe kwafi a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata. Idan banki ne kuma ya yi mako biyu bai warware ba, ƙa'ida ta ba ki damar ɗaukaka ƙorafi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda yake da reshe a nan Gombe. Idan manhajar rance ce, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ce take yi musu rajista tun 2022, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su, tana kuma karɓar ƙorafi a kan masu cin mutunci. Tura hotonki ga mutanen da ba ruwansu da bashin ya saɓa wa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ko da a ce da gaske kin ci bashin, kuma hukumar NDPC ce take kula da wannan. EFCC ma tana da ofishin shiyya a Gombe, kuma can ya kamata ki nufa idan aka gano asusun da baƙin kuɗi suke ratsawa da sunanki.

Yanzu sai maganar da na san ita ce take hana ki barci fiye da kuɗin, wato dangi. Ba za ki iya wanke sunanki ba tare da an ambaci sunan wanda ya ɓata shi ba, domin tambayar farko da ɗan sanda ko ma'aikacin banki zai yi ita ce wa kika ba wayarki. Wannan ba yana nufin dole sai an ɗaure yaron ba. Yana nufin dole a san gaskiya a rubuce, kuma nauyin ya koma kan mai shi. Yaron ya amsa laifi a gaban kawunsa, amma amsawar baki a tsakar gida tana iya sauyawa da zarar ya ji an ambaci 'yan sanda, ko mahaifiyarsa ta fara kuka. Ki roƙi maigida, cikin ladabi kuma a lokacin da hankalinsa yake kwance, ya kira zama da mahaifiyar yaron da wani dattijo daga danginki, da liman ko mai unguwa. A wannan zama yaron ya rubuta da hannunsa abin da ya yi, ya lissafa kowace manhaja da kowane asusu da kowane layi da ya buɗe da sunanki, ya miƙa sim ɗin da lambobin sirrin, ya sa hannu, shaidu su sa. Idan wani ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba ta ware dangi ba.

Idan dangi suka zaɓi a biya don a kashe wutar, ba na ƙin wannan, amma yaron da iyayensa da kawunsa ne za su biya, ba albashin malamar firamare mai shirin aurar da 'ya ba, kuma naira 46,000 da aka riga aka cire miki tana cikin lissafin. A biya ta asusun kamfanin na hukuma, ba ta lambar da wani mai zagi ya turo ta WhatsApp ba, domin akwai masu karɓar kuɗi a asusun kansu bashin kuma yana nan daram. A tambayi asalin kuɗin da aka karɓa, a yi ciniki a kan ruwa da tarar da suka ɗora, waɗanda sau da yawa su ne suke kumbura adadin. Bayan an biya a karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ki komai, a kai ta ga kamfanonin tarihin bashin nan uku, sannan bayan wasu makonni ki sake duba rahotonki ki ga ko an gyara. Ko da an bi wannan hanya, rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa suna nan a matsayin wajibi, saboda abin da ba mu gani ba tukuna. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, kuma yaron da ya ga an biya masa a ɓoye ba tare da ya tsaya gaban manya ba, gobe wata gwaggon zai je wa da maganar tallafi.

Game da makaranta, kada ki bari shiru ya yi magana a madadinki. Ki sami shugabar a ofishinta ki nuna mata takardar 'yan sanda, ki kuma tura wa abokan aiki da 'yan'uwa saƙo ɗaya gajere cewa an yi amfani da bayananki an ci bashi, maganar tana hannun hukuma, duk wanda aka kira ya toshe lambar. Masu zagin nan da tsoron tonon asiri suke karɓar kuɗi, kuma idan kowa ya riga ya ji daga bakinki, barazanarsu ta rage kaifi. Kada ki yi musayar zagi da su, ki ce musu sau ɗaya a rubuce cewa kin musanta bashin kuma kin kai rahoto.

Ki kuma yi hattara a makonnin nan, domin wanda aka cuta sau ɗaya shi ake sake nema. Za a iya bugo miki a ce daga banki ne ko daga Babban Banki, za a goge sunanki daga jerin masu bashi idan kin faɗi lambar da za ta shigo yanzu, ko wani ya ce yana da ɗan'uwa a ciki da zai wanke BVN ɗinki a kan naira dubu kaza. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ki OTP ko lambar sirri ko alƙaluman bayan kati, a waya ko ido da ido, kuma babu mai goge tarihin bashi ta bayan gida. Sanin cikakken sunanki da ranar haihuwarki ba shaida ba ce cewa mai kiran daga banki yake, tunda waɗannan bayanai sun riga sun fita daga hannunki. Ki kashe wayar ki tafi reshe da ƙafarki. Haka nan idan layinki ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, kada ki jira gobe, domin yana iya zama wani ne ya yi wa layin welkam bak don saƙonnin bankinki su koma wajensa. Ki tambayi bankinki lambar gaggawa ta toshe asusu wadda ake iya dannawa daga kowace waya, ki rubuta ta a takarda ki ajiye a gida.

Gyaran tarihin bashi yana ɗaukar lokaci, kuma ba na so ki ɗora ranar bikin 'yarki a kan rancen da ba lallai ya fito kafin lokacin ba. Ki duba ƙungiyar adashi ko ta taimakon juna ta malamai idan kina ciki, ki rage abin da za a iya ragewa daga kayan, kuma kada matsin biki ya tura ki ga wata manhajar rance.

Kin ce yaron ya zo ne da sunan rajistar mata masu sana'a, kuma da wuya a ce ke kaɗai ya yi wa. A zaman da za a yi, a tambaye shi sunayen sauran matan da ya karɓi lambobinsu, a aika musu su je bankunansu su duba kafin masu zagi su fara kiransu.